Toshe Kunnen Garkuwar Jiki: Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Magani

 

Batun da aka ɗora mini yana da faɗi, in na ce zan kewaye shi duka sai mu kai magariba ba mu tsinana komai ba. Don haka zan ɗauki magani guda ɗaya, maraviroc na cutar HIV, in bi shi tun daga ranar da aka gano inda za a dosa har ya zama ƙwaya a tafin hannun majinyaci. Daga nan sai mu leƙa wasu magungunan da suka bi irin hanyarsa amma haƙarsu ba ta cim ma ruwa ba, mu ga me ya raba su.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da wani tantani mai maiƙo, wanda yawancin saƙonnin da ke yawo a jini ba sa iya ratsawa. Cikin ikon Allah, akwai wasu furotin da suka huda tantanin nan, kansu a waje, ƙafarsu a ciki. Saƙo ya zo ya taɓa kan, ƙafar ta motsa, ƙwayar ta san abin da ake so da ita. Masana suna kiran su makarɓai. Ni a aji kunnuwa nake ce musu, domin aikinsu ke nan, ji. Idan ƙaya ta soke ka a ƙafa, naman wurin yakan fitar da wasu ƙananan furotin da ake kira kemokain. Fararen ƙwayoyin jini su ji kiran da kunnuwansu, su bi sawunsa har bakin ciwon. Kumburin nan da kake gani, da zafi, da jan da wurin ke yi, har da mugunyar da ke taruwa, duk alamar dakarun sun amsa kira ne.

To me zai sa mutum ya so toshe kunne mai irin wannan amfani? Wani lokaci garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri, ta juyo ta afka wa mai ita, ta ci gaɓɓai ko ƙoda ko fata. Wani lokaci kuma ɓarawo ne ya gane cewa kunnen nan ƙofa ce, ya riƙa shiga gida ta nan.

Akwai hanyar toshewa da manyan furotin da ake kira antibodi, kuma suna aiki ƙwarai. Sai dai nauyin antibodi ɗaya ya kai dalton 150,000, alhali asfirin 180 ne kacal. Abu mai wannan girma ciki narkar da shi yake yi kamar nama, dole sai da allura, dole ya zauna a firji tun daga masana'anta har jikin majinyaci, ga kuma tsada. Duk wanda ya taɓa aiki a asibitin karkara, ya kwana yana fargabar kada allurai su lalace saboda an ɗauke wuta, ya san darajar maganin da za a sa a aljihu a hau babur da shi cikin zafin watan Afrilu. Shi ya sa batun ƙananan sinadarai, waɗanda nauyinsu bai cika wuce dalton 500 ba, ya shafe mu fiye da yadda ya shafi ƙasashen da ke ƙera su.

A watan Disamba na 1995, masu bincike a ɗakin gwajin Robert Gallo a Amurka suka ba da rahoton cewa wasu kemokain guda 3 suna hana ƙwayar HIV shiga ƙwayoyin jini. Kafin nan an san ƙwayar tana kama wani makarɓi mai suna CD4, an kuma san cewa shi kaɗai bai ishe ta shiga ba, akwai ƙofa ta biyu da ba a gano ba. A 1996 aka gano ta, har guda biyu ma, dukansu kunnuwan kemokain ne: CXCR4, da kuma CCR5, wanda shi ne yawancin ƙwayoyin da ke kama mutum da farko suke bi. CCR5 sarƙa ce ta amino asid 352, ta ratsa tantanin ƙwayar halitta sau 7, kamar yadda allura ke shiga da fita a bakin riga.

A cikin wannan shekarar dai aka gano abin da nake so ku riƙe fiye da komai yau. Akwai mutanen da suka daɗe suna cuɗanya da cutar amma ba ta kama su ba. Da aka duba gadonsu, a Niyok da kuma Brussels, sai aka tarar haruffa 32 sun ɓace daga ƙwayar gadon da ke gina CCR5. Wanda ya gaji wannan giɓi daga uwa da uba duka, ba shi da CCR5 a fuskar ƙwayoyinsa kwata-kwata. Kusan mutum 1 cikin 100 na mutanen arewacin Turai haka suke, a Afirka kuwa da wuya ka samu. Waɗannan mutane suna tafiyarsu lafiya lau, suna aure, suna haihuwa, suna tsufa. Ku dubi abin da wannan yake nufi ga mai ƙera magani. Tambayoyi biyu da ake kashe shekaru da dukiya mai yawa kafin a amsa su, wato ko toshe makarɓin zai hana cutar, da kuma ko mutum zai rayu ba tare da shi ba, an same su a amshe a jikin ɗan Adam tun ba a haɗa sinadari ko ɗaya ba.

Kamfanoni suka yi caa. Wanda ya riga kaiwa shi ne Pfizer, a cibiyarsa ta garin Sandwich da ke kudu maso gabashin Ingila. Sun fara da abin da ake kira tankaɗe: a shuka ƙwayoyin halitta masu ɗauke da CCR5 a faranti mai ƙananan ramuka, a ɗiga sinadari daban a kowane rami daga rumbun kamfanin, a duba wanne ne ya hana kemokain maƙalewa. Abin da tankaɗen ya fitar, wanda suka ba lamba UK-107,543, bai kai a kira shi magani ba. Riƙonsa ba ƙarfi, bai hana ƙwayar HIV shiga ba, sannan yana danne wani enzayim na hanta, CYP2D6, wanda jiki ke dogaro da shi wajen sarrafa magunguna da yawa. Duk da haka ya nuna akwai wani kogo a jikin makarɓin da ƙaramin abu zai iya shiga, kuma wannan ake nema.

Bari in nuna muku yadda aikin yake daga nan, domin ɗalibai da yawa suna zaton a kwamfuta ake zana magani a danna maɓalli. Masanin sinadarai zai zauna da zanen abin da yake da shi, ya ce bari in cire wannan zobe in sa wancan. Ya shiga ɗakin gwaji, ya auna, ya dama, ya bar tukunyar gilashi tana juyawa har gari ya waye. Washegari ya tace, ya tsarkake, wataƙila mataki 5 ko 6 a jere, kowanne da asararsa. Bayan mako guda ko biyu abin da ke hannunsa ɗan farin gari ne a gindin kwalba, bai kai cikin farce ba. Ya miƙa wa abokan aikinsa na fannin halittu, ya jira. Abin da zai dawo masa lambobi ne a takarda: ga ƙarfin riƙo, ga yadda hanta ke cinye shi, ga yadda yake narkewa a ruwa. Sau da yawa gyaran da ya ƙara ƙarfin riƙo shi ne ya ɓata narkewa. Ya koma ya sake zane. Mutanen Sandwich sun yi wannan zagaye a kan sinadarai kusan 1,000 cikin shekara 2 da rabi.

Babban tarnaƙin da suka ci karo da shi a zuciya yake. Akwai wata mashigar fotasiyam a naman zuciya da ake kira hERG, ita ke mayar da zuciya daidai bayan kowane bugu domin ta shirya wa na gaba. In magani ya toshe ta, tazarar bugun ta tsawaita, mutum yana iya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Manyanmu da ke nan za su tuna da Halfan, maganin zazzaɓin cizon sauro da ya yi tashe a kemis-kemis ɗinmu, wanda daga baya aka riƙa gargaɗi a kansa saboda wannan matsala. Saboda ita aka janye terfenadine da cisapride daga kasuwar Amurka. Abin da hERG ke saurin kamawa shi ne sinadari mai naitirojin ɗauke da caji a tsakiya, da zobba masu maiƙo a gefe. Abin da kogon CCR5 ke buƙata kuwa shi ne sinadari mai naitirojin ɗauke da caji a tsakiya, da zobba masu maiƙo a gefe. Kun ga inda gizo ke saƙar. Ka cire naitirojin ɗin, magani ya daina aiki. Ka bar shi yadda yake, garin neman gira a rasa ido.

Ba su taɓa naitirojin ɗin ba. Suka ɗaure shi a cikin wani zobe mai tauri da ake kira turofen, suka musanya wani gefen da zoben tirayazol wanda ya fi son ruwa, sannan suka yi ta gwada abubuwa a ɗaya ƙarshen. Wanda ya warware matsalar zobe ne mai kabon 6 da aka liƙa wa atam 2 na fulorin a wuri guda. CCR5 ya karɓe shi, hERG ta ƙi shi. Atam biyu! Ni dai duk lokacin da na zana wannan sinadari a allo sai na tsaya a kan fulorin ɗin nan, saboda su ne tsakanin guba da magani. Sinadarin ya samu lamba UK-427,857, nauyinsa kusan dalton 514. Ya ɗan haura iyakar 500 da Christopher Lipinski, wanda shi ma ma'aikacin Pfizer ne, ya gindaya a 1997 a matsayin alamar maganin da hanji zai iya tsotsa. Ƙa'idar Lipinski jagora ce mai amfani, amma na ga ɗalibai suna jefar da sinadari mai kyau don ya haura ta da kaɗan, kuma wannan kuskure ne.

Wani abin lura shi ne duk wannan aiki a makance aka yi shi. Babu wanda ya ga siffar CCR5 sai a 2013, lokacin da ƙungiyar Beili Wu a Shanghai ta ƙasar Sin ta fitar da hotonsa da maraviroc zaune a ciki, shekara 6 bayan maganin ya shiga kasuwa. Hoton ya tabbatar da abin da aka yi hasashe: naitirojin ɗin nan yana riƙe da amino asid na 283, maganin kuma ya nutse can cikin kogon da ke tsakanin ginshiƙan nan 7 da suka ratsa tantani. Bai tsaya a bakin ƙofa yana kokawa da ƙwayar cutar ba. Ya shiga ciki ya tokare makarɓin, ya sandare a wata siffa da ƙwayar HIV ba ta iya amfani da ita, kamar ƙyauren da aka sa wa sakata ta ciki. Wannan dabara ce ke ba ƙaramin abu damar hana manyan furotin biyu haɗuwa, domin in da ƙarfi za a yi, faɗin wurin da suke haɗuwa ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

A gwaje-gwajen MOTIVATE, da suka ƙunshi majinyata 1,049 waɗanda sauran magunguna suka fara gazawa a kansu, bayan mako 48 ƙwayar cutar ta yi ƙasa da 50 a kowace mililita ta jini a jikin kashi 42 zuwa 47 cikin 100 na waɗanda aka ƙara wa maraviroc, alhali waɗanda ba a ƙara wa ba kashi 16 zuwa 18 ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Agusta na 2007. Abokan tserensa ba su kai ba. An dakatar da aplaviroc a 2005 saboda yana illata hanta, aka ajiye vicriviroc a 2010 bayan ya kasa nuna fifiko a gwajin ƙarshe.

Wani zai ce to me ya sa ba ma ganin sa a asibitocinmu, alhali binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya? Dalilan a fili suke. Wasu ƙwayoyin HIV ta CXCR4 suke shiga, su maraviroc bai dame su ba, don haka sai an yi wa majinyaci gwaji mai tsada kafin a ba shi. Sau biyu ake shan sa a rana. Hanta na sarrafa shi da enzayim CYP3A, saboda haka awonsa yakan sauya daga miligiram 150 zuwa 300 zuwa 600 gwargwadon abin da aka haɗa shi da shi. Mai shan rifampicin saboda tarin tibi sai an ɗaga masa, kuma kun san yawan majinyatanmu da ke fama da cututtukan biyu tare. Ga dolutegravir ya zo da sauƙi da araha, ƙwaya ɗaya a rana haɗe da wasu biyu. A wurinmu zaɓin da aka yi daidai ne. Amma hakan bai rage wa maraviroc daraja a idona ba, domin shi ne ya nuna ana iya yaƙar ƙwayar cuta ta hanyar gyara ƙofar mai gida. A shekarar da ya fito ne kuma likitoci a Berlin suka yi wa Timothy Ray Brown dashen ɓargo daga wani mai giɓin nan na haruffa 32, don magance sankarar jini, ya kuma rabu da HIV har ƙarshen rayuwarsa a 2020.

Kada kuma a ɗauka Allah Ya halicci CCR5 a banza. An gano daga baya cewa marasa shi sun fi jin jiki in zazzaɓin West Nile ya kama su, ƙwayar da aka fara ganowa a Yuganda a 1937. Kowane kunne da ka toshe akwai kiran da ba za a ji ba, kuma haƙƙin majinyaci ne a san wane kira ne.

Yanzu mu dubi inda aka faɗi. A 1998 Bruce Beutler ya gano cewa makarɓin TLR4 ne ke jin gubar da ke jikin ɓawon wasu bakteriya, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2011 tare da Jules Hoffmann da Ralph Steinman. Nan take hankali ya koma kan gubar jini, wadda likitoci ke kira sefsis. Ma'aikatan jinya da ke nan sun san ta: mai jego ta kwana 3 da haihuwa, zazzaɓi ya rufe ta, numfashi sama-sama, hannu ya yi sanyi, fitsari ya ɗauke, ana ƙarin ruwa amma jini sai sauka yake yi. An ƙiyasta ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 11 a duniya a 2017 kaɗai. Tunanin shi ne, tunda hayaniyar garkuwar jiki ce ke rusa gaɓoɓin, a toshe kunnen da ke tayar da ita. Kamfanin Eisai na Japan ya ƙera eritoran, wanda ya kwaikwayi siffar gubar ya zauna a mazauninta. Takeda ya ƙera TAK-242, ƙaramin sinadari da ke shiga cikin ƙwayar halitta ya ɗaure da amino asid na 747 a ƙafar makarɓin. Ta fuskar sinadarai duka biyun aiki ne na gwanaye, kuma sun ceci ɓeraye a ɗakin gwaji. A jikin mutane fa? An gwada eritoran a kan majinyata kusan 2,000, sakamakon ya fito a 2013: kusan kashi 28 cikin 100 na waɗanda aka ba shi sun rasu cikin kwana 28, waɗanda ba a ba su ba kusan kashi 27. TAK-242 shi ma bai tsallake ba.

Ɓeran gwaji matashi ne mai lafiya, an yi masa allurar guba iri ɗaya, an ba shi magani a kan lokaci. Majinyacin gaske yakan iso bayan kwanaki, wutar ta riga ta ci rabin gari, ƙwayar da ta kama shi wataƙila ma ba ta TLR4 ake jin ta ba, kuma kunnuwa da dama ne ke ji lokaci guda. Hujjar CCR5 daga mutum ta fito, ta TLR4 a sefsis kuwa rabinta daga ɓera. A ganina wannan ne ya raba su, fiye da duk wani bambanci na ƙwarewa.

Shi ya sa nake sa ido a kan wani makarɓin, TLR7. Shi a cikin ƙwayar halitta yake, cikin wata 'yar jaka mai tsami, yana sauraron gutsattsarin gadon ƙwayoyin cuta. Kulorokwin ɗin nan da muka sha tun muna yara, mai sa wasunmu ƙaiƙayi, yana taruwa a irin wannan jaka ya rage wa makarɓin ji, kuma wannan na cikin dalilan da ake ba masu cutar lufus ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin. Lufus, wadda garkuwar jiki ke afka wa mai ita, ta fi kama mata, ta kuma fi tsanani ga baƙar fata. A 2022 aka wallafa labarin wata yarinya 'yar Sifaniya da ta kamu da lufus mai tsanani tana shekara 7, aka gano sauyin harafi ɗaya a gadonta ya sa TLR7 ɗinta ji fiye da kima. Da aka sanya wa ɓeraye wannan sauyin, su ma suka kamu. A nan daga mutum aka faro, ɓera ya zo daga baya ya gaskata. Ƙananan sinadarai irin su enpatoran da afimetoran, masu toshe TLR7 da TLR8, sun shiga gwaji a kan masu lufus.

Sai mu dawo gida. Akwai wani makarɓin kemokain da ake kira Duffy, wanda ke zaune a fuskar jajayen ƙwayoyin jini. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyinsu, wato kusan duk wanda ke zaune a ɗakin nan. Tun 1976 Louis Miller da abokan aikinsa suka nuna cewa ta wannan ƙofa ƙwayar maleriya nau'in vivax ke shiga, shi ya sa ta yi ƙaranci a yankinmu, ko da yake an samu wasu da ta kama duk da rashinsa. Rashin Duffy ɗin kuma yana sa adadin wasu fararen ƙwayoyin jini, nutirofil, ya zauna ƙasa da ma'aunin da aka ɗauko daga Turawa, ba tare da wata cuta ba. An sha hana mutane irinmu shiga gwajin magani, ko a rage musu awon maganin sankara, saboda wannan lamba da a jikinsu lafiya ce. Afirka ta fi kowace nahiya bambancin gado, amma ita ce aka fi ƙarancin bincika. Irin giɓin da ya haifar da maraviroc yana iya kasancewa a jikin wata tsohuwa a ƙauyen Gumel ko Tasawa, wadda cuta ta zagaye gidansu ta bar ta, ba wanda ya tambaya me ya sa.

Ba mu da rumbun sinadarai irin na Sandwich, amma mataki na farko bai buƙace shi ba. Likitoci, ku riƙa rubuta majinyacin da ya saɓa wa tsammani, wanda ya kamata ya kamu bai kamu ba, da wanda ciwonsa ya yi tsananin da bai dace da shekarunsa ba, ku nemi yardarsa da ta iyalinsa a adana jininsa yadda doka ta tanada. Shugabannin sassa, ina roƙon ku haɗa ɗalibin sinadarai da na likitanci da na ilimin gado a kan aiki ɗaya kafin su kammala. Ku kuma ɗalibaina na sinadarai, wanda duk yake so ya ga yadda fulorin biyun nan suke zaune a cikin kogon, hoton 2013 yana nan kyauta a rumbun siffofin furotin na intanet. Ku same ni a ɗakin kwamfuta bayan sallar la'asar mu buɗe shi tare.